Labaran Mutuwa a YouTube Na Koyar da Turanci, Amma Akwai Tarko

Matashin da littafin Turanci ke sa shi gyangyaɗi a aji, sai ga shi a Gusau ya raba dare yana kallon bidiyon binciken mutuwar Mohbad. Mawaƙin ya rasu a Legas ranar 12 ga Satumba 2023, bayan kwana tara aka tono gawarsa. Duk wanda ya bi labarin ya riƙe "autopsy", wato binciken gawa, da "exhume", tono gawa, ba tare da hadda ba. Ɗokin jin ƙarshen labari ne ke manna kalma a ƙwaƙwalwa.

Dabarar tana aiki. A kunna rubutun ƙasan bidiyo, a rage saurinsa zuwa 0.75, sannan a sauke Hausa cikin Google Translate don ta yi aiki ko babu data. Mutanen Tsafe da Bungudu ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse sabis a faɗin jihar.

Tarkon yana cikin kalmomin da ake tsallakewa. "Alleged" zargi ne kawai. "Suspect" wanda ake zargi ne, "convicted" kuwa wanda kotu ta samu da laifi. Masu farautar mabiya a TikTok kan cakuɗa su, don "killer" ta fi kawo kallo. A Zamfara wannan ba wasa ba ne: saƙon WhatsApp guda da ya mayar da wanda ake zargi makashi na iya jawo a far masa kafin 'yan sanda su iso.

Shi ya sa rahoton kotu na Daily Trust ko Premium Times ya fi dacewa da mai koyo. Ba shi da kiɗan ban tsoro, amma zai ga inda ɗan jarida ya sa "allegedly" da ranar da ya cire ta.