Ƙarfen Toriyam da Yashin Kuza

Daga Goron Dutse, Birnin Kano

Ya ku malamai da fatake, ku sani yashin nan da aka zubar a bakin ramukan kuza na Jos da Bukuru tun zamanin Turawa ya zama haja yanzu. Ana wanke shi a fid da wani tsaki mai nauyi, launin zuma, mai suna monazait, a ɗura a buhu a kai ƙasashen waje. Duwatsun Riruwai na ƙasar Kano ma suna da irinsa. To, a cikin tsakin nan akwai wani ƙarfe da mai saye bai nema ba, shi ne toriyam.

Wani masani na ƙasar Suwidin, Barziliyas, shi ya gano shi a 1828. Idan an tace shi fari ne kamar azurfa, mai taushi, yana karɓar guduma, in ya sha iska kuma ya yi baƙi. Ya ɗara dalma nauyi kaɗan. Ba ya narkewa sai zafi ya kai daraja 1750, watau ya fi baƙin ƙarfe jimirin wuta, amma garinsa kan kama wuta da kansa. Tokarsa ta fi shi dauriya, tana wuce daraja 3000 ba ta narke ba. Saboda haka tun 1891 Turawa suka riƙa sa ta a ragar fitilar gas. Farin hasken nan da attajiran birni suka daɗe suna hira a ƙarƙashinsa, daga gare ta yake. Galibin masu yin raga sun bar ta yanzu.

Aibinsa bai bayyana ba sai a 1898, sa'ad da Madam Kuri a Faransa da wani Bajamushe, Shimit, suka gane yana fid da wani haske wanda ido ba ya gani, ba dare ba rana. Da haka yake rikiɗa har ya koma dalma, amma a hankali ƙwarai, rabinsa ma sai bayan shekara miliyan dubu 14. Wannan jinkiri shi ke ruɗin mutane, domin an taɓa da hannu ba a ƙone ba. Ɓarnar tana cikin ƙura. In ta shiga huhu zama take yi, wani sashe ya gangara ƙashi da hanta, bayan shekaru ta iya jawo ciwon daji. Akwai kuma wata iska marar wari da ke tashi daga gare shi, takan taru a ɗakin da ba taga.

A ganina wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaron shago mai kwana bisa buhuna, da mai sheƙe yashin ba kyalle a hanci, da wanda ya ɗebi zubabben yashi ya yi yaɓe don araha. Ɓoye musu wannan daidai yake da ɓoye aibin haja. Tun 2001 Nijeriya tana da hukumar da ke kula da irin waɗannan kaya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da na'urorin awo. Falken da ya tara buhuna ya kai samfuri a auna, ya kuma gina musu rumfa mai shan iska nesa da makwanci.