Gani Ya Kori Ji? Matsayin Hoton Maganaɗisu a Ciwon Sandarewar Ƙashin Baya

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A aikin likita wannan karin magana na da iyaka, kuma iyakar ta fito fili wajen auna ƙarfin ciwon sandarewar ƙashin baya, wanda likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis.

Ciwo ne na kumburi da yakan kama matasa, galibi kafin shekara 45. Yakan fara daga gaɓoɓi biyu da suka haɗa gindin ƙashin baya da ƙashin ƙugu, sannan ya haura sama. Mai shi kan farka da asuba bayansa a sage, ba zai ji sauƙi ba sai ya motsa jiki. Idan aka yi sake, sabon ƙashi kan tsiro ya manne gaɓoɓin baya, har mutum ya ranƙwafa tun da ƙuruciyarsa.

Ƙa'idojin Niyu Yok da aka yi wa gyara a 1984 sun sharɗanta sai an ga lahani a hoton eksire kafin a tabbatar da ciwon. To amma lahanin kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, wato toka ake gani bayan gobara ta gama ci. Hoton maganaɗisu, wanda aka fi sani da MRI, shi kuwa wutar yake nunawa tun tana ci. Na'urar kan yi amfani da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo wajen gano haidirojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki. Idan aka dushe hasken kitse, ɓargon da ya kumbura ya tara ruwa sai ya fito fari tas. Saboda haka ne a 2009 ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana wannan ciwo, ASAS, ta shigar da shi cikin ƙa'idojinta.

Haƙiƙa wannan ci gaba ne babba. Sai dai kuskure ne a ɗauki farin ɗigo a hoto a matsayin hukunci. Dalili na farko shi ne, ba kowane fari ne ciwo ba. Wani bincike da aka buga daga ƙasar Holan a 2018 ya sami irin wannan alama a jikin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu lafiya lau da aka ɗauki hotonsu. Ana kuma ganin ta a jikin 'yan wasan tsere da matan da ba su daɗe da haihuwa ba.

Na biyu, abin da hoto ya nuna da abin da majinyaci ke ji ba kullum suke tafiya tare ba. Wani bayansa ya riga ya manne, yana fama da zogi alhali kumburin ya lafa. Wani kuma ɓargonsa na ci, amma kukansa kaɗan ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa tambayoyi shida da masana birnin Bath na Ingila suka tsara a 1994, kan gajiya da zafi da sagewar asuba, har yau ake aiki da su, tare da gwajin jini na CRP mai nuna kumburi.

Na uku ya fi shafar ƙasashe irin Nijeriya da Nijar. Tarin fuka na ƙashi, da cutar ɓarin shanu wadda ke kama mutum ta hanyar ɗanyar madara, duk suna iya kumbura waɗannan gaɓoɓi. Magungunan zamani masu danne sinadarin TNF, waɗanda ake bai wa mai sandarewar baya, suna tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki. Ke nan likitan da ya yi gaggawar gaskata hoto na iya jefa majinyaci cikin halaka da niyyar ceto shi.

Abin da ya dace shi ne a nemi hoton a inda amsarsa za ta sauya shawara: a farkon ciwo lokacin da eksire bai nuna komai ba, ko gab da fara magani mai tsada, ko kuma idan kukan majinyaci da gwajin jini sun saɓa wa juna. Maimaita shi a kai a kai don neman kwanciyar hankali kawai ɓarnar dukiyar iyali ce, musamman inda na'urar ba ta da yawa kuma majinyaci ne ke biya daga aljihunsa.

Wajibi ne makarantun koyon likita su horar da masu karanta wannan hoto su riƙa tambayar shekarun majinyaci, da sana'arsa, da tarihin ciwonsa kafin su rubuta sakamako. Hoto shaida ne guda ɗaya, kuma alƙali nagari sai ya saurari dukkan shaidu kafin ya yanke hukunci.