'Yan Matan Masaƙun Lowell



In ana zancen bunƙasar Amurka, hankali yakan tafi kan manyan attajirai da layin dogo. Yau ina so mu leƙa garin Lowell na jihar Massachusetts, a bakin kogin Merrimack, inda masaƙar farko ta fara aiki a 1823. Lokacin ƙasar ba ta cika shekara 50 da shelar 'yancin kai ba, dimokuraɗiyyarta tana rarrafe.

Ruwan kogi ke juya injuna, amma masu ɗaura zare 'yan mata ne, 'ya'yan manoma da aka ɗebo daga ƙauyuka. Zuwa 1840 ma'aikatan sun kai wajen 8,000, akasarinsu mata. Ƙararrawa ke tashe su tun da asuba, su yini a tsaye, kusan awa 73 a mako. Tagogi a rufe ruf, wasu har da ƙusa, don kada iska ta busar da zare ya riƙa tsinkewa. Duk wanda ya taɓa aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna ya san yadda ƙurar auduga ke kwanciya a ƙirji. Ita kuwa audugar, bayi baƙar fata ke noma ta a kudancin ƙasar, kuma wannan tabo ne da arziki bai goge ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗannan mata ba su da ƙuri'a. Ba sa zaɓe, ba a zaɓen su. Amma masaƙar da ta takura su ita ce ta tara su wuri guda, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, ga albashi a hannu karon farko a rayuwarsu. Da dare sukan yi karatu, su je sauraron lacca. Da aka zaftare musu albashi a 1834, ɗaruruwa suka ajiye aiki suka fito titi. Ba su yi nasara ba. A 1836 aka ƙara kuɗin masauki, suka sake fitowa, har sun fi na farko yawa.

Daga nan suka gane hanyar majalisa. A 1845 wata masaƙiya, Sarah Bagley, ta jagoranci ƙungiyarsu, suka tara sa hannun dubban mutane suna neman a mayar da aiki awa 10 a yini. Majalisar jiha ta kafa kwamiti ƙarƙashin ɗan majalisa William Schouler. Matan suka tsaya gaban 'yan majalisa suka faɗi halin da suke ciki da bakinsu. Kwamiti ya saurara, ya ce wannan ba hurumin majalisa ba ne. Sai suka koma jarida, suka bi mazan da ke da ƙuri'a suna roƙon kada a sake zaɓen Schouler. Da zaɓe ya zo, ya sha ƙasa.

A ganina, dimokuraɗiyyar Amurka ta yi girma a irin wannan gwagwarmaya kamar yadda ta yi a zauren majalisa. Sai dai an sha jira. Dokar awa 10 ga mata da yara ba ta fito a Massachusetts ba sai 1874, bayan baƙi daga Ireland da Kanada sun maye gurbin 'ya'yan manoman. Ƙuri'ar mata a faɗin ƙasar kuwa sai 1920, kuma Sarah Bagley ba ta ga wannan rana ba.