Sassaƙar Zane a Jikin Itace Ba Sassaƙar Gunki Ba Ce

Ya ku malamai da fatake, maganata a kan masu yi wa itace ado da wuƙa ce. Na ji waɗansu ɗalibai suna cewa sana'arsu ƙanwar yin gumaka ce. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana hana bayin Allah abincinsu.

Mu fara sanin aikin tukuna. Masassaƙi yakan daidaita fuskar itace da gizago, ya ja layuka, sa'an nan ya soka bakin wuƙa a karkace sau uku, yanka ukun su haɗu a ƙasa, sai ɗan guntu mai kusurwa uku ya fita da kansa. In ba su haɗu ba guntun ya ƙi fita, in kuwa ya ɓanɓare shi da ƙarfi itacen ya tsage, aikin kwanaki ya ɓaci. Haka zai yi ta jera ramuka har su zama tauraro ko sarƙa, haske da inuwa su fito da adon, ba ruwansa da fenti. Wanda ya ga kujerar Nufe mai ƙafafu da yawa, wadda ake fitarwa daga gungume guda, ya ga irinsa. Mutanen Jamus da Suwizalan ma suna yinsa a jikin akwatuna. Ina rai a cikin wannan? Ɗan'uwan zayyana ne da muke yi wa allon ɗalibi ranar sauka.

Abin da aka hana shi ne surar mai rai. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya umarci wani mai yin surori ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Mimbarin babban masallacin Ƙairawan, garin mai Risala da muke karantarwa kullum, sassaƙaƙƙe ne tun ƙarni na 9 na Miladiyya, yana nan har yau. Nuruddini ya sa aka sassaƙa wani a Halab, Salahuddini ya kai shi Masallacin Ƙudus bayan buɗe birnin a 1187, ya zauna har wani mutumin Ostareliya ya cinna masa wuta a 1969, aka kafa madadinsa a 2007. Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun karhanta ƙawata alƙibla don kada ta shagaltar da mai salla. To, wannan hukuncin alƙibla ne, bai shafi ƙofar zaure ko akushi ba.

Ku kuma fatake, naku ya fi nauyi. Ana shafa wa itace mai laushi baƙi a sayar da sunan maɗaci, shekara biyu gara ta cinye shi, mai saye ya zagi masassaƙi. Wannan algus ne, ko an yi rantsuwa ko ba a yi ba. Ga kuma madobiya da aka yi ta sarewa a ƙasar Taraba ana lodinta zuwa Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu. Gungumen da masassaƙi zai ci wata yana aiki a kansa ya tafi ɗanye a kuɗi kaɗan.

Shawarata ga malaman tsangaya ita ce, Alhamis da Juma'a ba karatu. Yaron da hannunsa ya faɗa a rubutu, ya iya ja layi miƙaƙƙe a allo, rabin aikin yana hannunsa. A kai shi wurin masassaƙi amintacce da yardar ubansa, a yanke lada a gaban shaidu, ya fara da guntayen aduwa da suka rage wajen masu allo, kada a ba shi wuƙa mai kaifi sai malamin sana'ar yana zaune kusa da shi.