Katin 'Yan Ƙwallo Da Hatimin Amurka: Wa Ya Yi Mana Lissafin Da Naira?



Akwai wani irin rubutu da ke yawo a shafukanmu na Hausa wanda ya kamata mu tsaya mu yi masa magana. Mutum zai kalli bidiyon wani Ba'amurke yana ɗaga katin hoton ɗan wasa a cikin kwanson roba yana ihun cewa ya zama attajiri, sai ya juya maganar zuwa Hausa ya sa mata take, wai ga sabuwar hanyar arziki: ka nemi katin Messi ko Ronaldo ko Osimhen, ka aika Amurka a tantance shi a buga masa maki, ka sayar da tsada. A ƙasa kuma samari suna ta tambayar adireshi. Ni dai har yau ban ga ɗaya daga cikin masu wannan rubutu da ya ɗauki biro ya buga lissafin da naira ba. Ina ganin wannan ha'inci ne ga mai karatu, ko da marubucin bai yi niyyar cuta ba.

Ga yadda harkar take, don wanda bai sani ba. Kamfanoni irin su Topps da Panini suna buga katunan 'yan wasa, mutane suna tarawa, wasu katunan suna yin daraja saboda tsufa ko ƙaranci. To akwai wasu kamfanonin daban da ba sa buga kati, ba sa sayarwa, aikinsu dubawa kawai. Mafi girma a cikinsu shi ne PSA da ke Kalifoniya, wanda ya fara aiki a 1991, sai irin su Beckett da SGC. Za su duba ko katin na gaske ne, ko hoton ya zauna a tsakiya, ko kusurwoyi huɗun suna da kaifi, ko gefe bai ci ba, ko fuskar ba ta da ƙarzuwa. Sai su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a kwanso, su manna lamba. Kai kuma ka biya.

Labarin da masu tallar suka fi so shi ne na katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol, bugun 1952. Wani mutum ya saye shi dala 50,000 a 1991, SGC ya ba shi maki 9.5, aka yi gwanjonsa a watan Agusta na 2022 a kan dala miliyan 12.6. Gaskiya ne, ya faru. Haka katin Pele na 1958 ya haura dala miliyan ɗaya a wannan shekarar ta 2022. Amma ku duba abin da ke cikin labarin. Katin Mantle ya riga ya kai dala 50,000 tun ba hatimin kowa a jikinsa, kuma mai shi ya riƙe shi shekara 31. Wa ke da irin wannan a ƙasan akwati a Birnin Kudu?

Ga wani labarin da ba sa kawowa. A watan Agusta na 2025 wani kati mai ɗauke da Michael Jordan da Kobe Bryant, taurarin ƙwallon kwando, ya karya wancan tarihin, ya tashi a kan dala miliyan 12.9. Makinsa nawa? Shida kacal. Ya yi tsada ne don shi kaɗai ne irinsa a duniya, kuma da sa hannun mutanen biyu a jikinsa. Ashe ƙaranci da yawan masu nema ne ke kawo kuɗin, maki ɗan rakiya ne.

Mu da muka tashi a yankin noma bai kamata wannan ya zama mana baƙon karatu ba. Je ka kasuwar Sara a lokacin kakar riɗi ka tsaya kusa da mai saye. Zai zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa, ya murza, ya hura ya ga ƙura da yashi, ya ɗan tauna. A nan take ya yanke farashi, kuma bai tambayi takardar kowa ba, don kayan na gabansa. Amma riɗin nan idan ya bi ta Dawanau ya taru ya zama kwantena mai tafiya Japan ko Turkiyya ko Sin, dole sai da takardar gwaji, domin mai sayen yana can nesa, hannunsa ba ya kai wa buhun. Takardar ita ce hannunsa. Mai fitar da kwantena yana biyan kuɗin gwajin da murna, saboda kuɗin ƙanƙani ne a kan darajar kayan, kuma ba tare da takardar ba ciniki ba zai yiwu ba. Yanzu a ce wani manomi nan Yalwan Damai ya ɗauki tiya biyar ta riɗi ya hau mota zuwa Legas don a gwada masa a ba shi takarda, ya dawo ya sayar a Sara. Me za mu kira shi? To irin wannan tafiyar ce ake tura ƙannenmu su yi da kati.

Bari mu buga lissafin da aka ƙi bugawa. Kuɗin dubawa mafi araha a PSA ya yi ta kai-kawo ne a wajen dala 20 a kan kowane kati a 2024 da 2025, kuma mafi arahar ma sai ka yi rajistar zama memba ka aika da yawa a lokaci guda. Sauran alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa na iya canza su da nasa. Mu ƙaddara kana da kati goma na gaske, kowanne zai sayu a dala 10 yadda yake. Dubawa dala 200. Kuɗin aike zuwa da dawowa da inshora mu sa dala 100, kuma na yi rangwame ƙwarai. Ya zama dala 300. Idan dala tana naira 1,500, ka kashe naira 450,000, wato fiye da albashin wata shida na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024.

Kaya sun dawo. A ce ka yi sa'a biyu sun sami maki 10, kowanne ya koma dala 60. Biyar sun sami 9, kowanne dala 25. Uku sun sami 8, kowanne dala 12. Jimilla dala 281. Shafin da za ka sayar a kansa, irin su eBay, zai cire la'adarsa ta sama da kashi 10 cikin ɗari, ka tashi da abin da bai wuce dala 250 ba. Ka zuba 300, ka kwashi 250, kuma katunan da da ka sayar dala 100 ba wahala sun tafi. Wannan fa idan komai ya tafi daidai ke nan, kaya ba su ɓace a hanya ba, kwastan ba su riƙe ba, kuma ka sami hanyar da kuɗin za su shigo hannunka. Wannan ta ƙarshen ma ba ƙaramar magana ba ce: PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, amma an yi shekara da shekaru biya kawai ake iya yi da shi, ba a karɓa.

Na ma yi karamci da na ce biyu za su sami 10. Katin da ya kwana a ɗakinmu ya sha ƙurar hunturu, ya sha laimar damina, wataƙila gara ta ɗanɗana gefensa, yara sun yi wasa da shi. Mutanen nan da gilashin ƙara girma suke dubawa, ɗan farin ɗigo a kusurwa ya isa ya sauke maki. Sannan yawancin hotunan 'yan ƙwallon da muka tara muna yara, na cikin cingam da na bakin makaranta, ba bugun wani kamfani mai lasisi ba ne, ba su da kasuwa a ko'ina. Idan kuma ka sayi wanda aka ce maka na asali ne ya zama jabu, ko an yi masa kwaskwarima, za su dawo maka da shi ba maki, kuɗin dubawa kuwa ya tafi.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya kamata a faɗa wa mutane. Kuɗin dubawa yana bin darajar katin ne. Idan ka biya na araha, sai katinka ya sami makin da ya ɗaga shi sama da matakin da ka biya, kamfanin zai nemi ciko kafin ya sake shi. Idan ka faɗi, kai kaɗai ka faɗi. Idan ka ci, da shi za a raba. Duk inda ƙwallo ta faɗa shi dai ya ci, kamar mai gidan kallon ƙwallo da ba ruwansa da ko Arsenal ce ta yi nasara ko Chelsea.

Wani zai ce ai aƙalla hatimin yana kawar da shakka. Yana ragewa, na yarda, kuma ga tsohon kati mai tsada da za a sayar wa wanda bai taɓa ganinka ba, biyan kuɗin tantancewa hankali ne, kamar dai takardar mai kwantena. Amma kada a mayar da shi wahayi. Kati na farko da PSA ya fara ba wa maki shi ne na Honus Wagner, wanda Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991. An ba shi 8. Katin ya yi ta canza hannu har ya kai dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 wani babban dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefen katin tun da farko don ya yi kyan gani, abin da a ƙa'idar kamfanin ma ya isa ya hana shi maki. Masu harkar kuma sun san wata dabara: idan maki bai yi musu ba, sai su fasa kwanson su sake aika katin kamar sabo, wani lokaci ya dawo da makin da ya fi na farko. Kati ɗaya, kamfani ɗaya, hukunci biyu. Mutum ne ke dubawa, kuma mutum tara yake bai cika goma ba, ko da shi ne mai raba goman.

Su kansu Amurkawan sun ɗanɗana. Lokacin kullen korona kowa ya zauna a gida ya tono tsoffin katuna ya aika, har a ƙarshen Maris na 2021 PSA ya dakatar da karɓar yawancin aike saboda miliyoyin katuna sun taru masa. Mutane suka yi watanni, wasu sama da shekara, suna jira. Kafin kayan su dawo kasuwa ta fara sanyi, kuma katin da ake gani da wuya a maki 10 sai ga dubbai irinsa a kwanso. Kamfanin yana wallafa adadin kowane kati da ya ba wa kowane maki, kowa na iya dubawa kyauta, kuma duk wanda ya duba zai ga sababbin katunan fitattun 'yan wasa ba su da wani ƙaranci. Wannan ya sami mutanen da ke da gidan waya a bakin ƙofa da masu saye a unguwarsu. Ina ga wanda zai fara da hawa mota zuwa Dutse ko Kano kafin kayansa su kama hanya?

Shi ya sa fushina ba a kan samarin da ke tambayar adireshi yake ba. Yaro ya ga an rubuta da Hausa, da sunan wani da yake ganin ya fi shi sani, dole ya ɗauka an bincika. Fushina a kanmu yake, masu rubutun. Mun koyi ɗauko magana daga Turanci mu sa mata riga da hula mu sake ta, ba mu tambayi ko ƙafarta za ta iya taka ƙasarmu ba. Wanda ya yi bidiyon yana lissafi da dala, yana da kasuwa a garinsu, sau da yawa ma yana da la'ada a kan duk wanda ya bi ta hanyarsa ya aika kati. Kai da ka fassara me ka samu? 'Yan dangwale ɗari biyu da "Allah ya ƙara basira". Wani kuma ya sayar da akuyar uwarsa.

Kuma mu marubuta ai mun fi kowa saurin faɗawa irin wannan tarko a namu fagen. Sau nawa aka ce ka turo kuɗin fom a ba ka lambar yabo ta gwarzon marubuci, ka biya, ka saka hoton allon a shafinka, littafin kuma ko kwafi hamsin bai fita ba? Littattafan Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa sun cika kasuwannin Arewa a shekarun 1990 ba da allon kowa ba, masu karatu ne suka zura hannu a buhu suka ji kayan sun yi. Kuɗin da za ka ba mai gyaran rubutu ya zauna ya tsefe maka labari daban ne, don shi yana canza kayan ne da kansu. Allo kuwa kwanson roba ne.

Ban ce kada a rubuta a kan katunan wasa ba. Harka ce mai daɗin labari, ga zamba, ga kotu, ga attajirai, wanda ya iya zai fitar da gajeren labari mai kyau daga abin da Mastro ya yi kaɗai. Amma duk wanda zai sake kawo mana ita a matsayin sana'a, ya zo da abu huɗu a rubuce: nawa katin zai sayu yau ba hatimi, nawa irinsa ya sayu a maki 8 da 9 ba 10 kaɗai ba, nawa za a kashe daga Birnin Kudu zuwa Kalifoniya da dawowa, kuma wane ne zai saya, ta wace hanya kuɗin za su iso. Idan babu waɗannan, ina roƙon shugabannin wannan zaure su riƙe rubutun har sai mai shi ya kawo su.