Ma'auni Biyu a Kan Gona Ɗaya

A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, dillali yakan dubi sa, ya shafa tozonsa, ya duba haƙoransa, sannan ya yanke masa kuɗi. Wannan shi ne farashi. Sai dai akwai abubuwan da Bahaushe ba ya kaiwa gaban dillali, domin ma'auninsu daban ne, wato daraja. Ma'aunin da mutum ya tashi da shi kuwa shi ke tsara tunaninsa da mu'amalarsa da jama'a.

Abin da ya faru a ƙasar Gumel tsakanin 2016 da 2017 ya fito da wannan batu fili. Gwamnatin Jihar Jigawa ta ware wa kamfanin Lee Group fili mai faɗin hekta 12,000 domin noman rake, a yankin da ya shafi Gagarawa da Sule Tankarkar da maƙwabtansu. Hukuma ta auna lamarin da jari da ayyukan yi, tana kuma da madogara, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta kuma ɗora diyya a kan abin da aka shuka ko aka gina. Manoma da dama suka ƙi amincewa.

Kuskure ne a ɗauki ƙin nasu a matsayin jahilci ko ƙyamar ci gaba. A wurin manomi gona gado ce. Ya san gawon da kakansa ya bari a tsakiyarta, daga cikinta yake cika rumbu, ya fitar da zakka, ya aurar da 'ya'yansa. Kuɗin diyya ƙarewa suke yi, gona kuwa tana nan kowace damina. Wanda ya rabu da gonar gado ma, da wuya ya tsira daga gorin dangi. Laifin hukuma a nan shi ne ɗauka cewa ma'auninta kaɗai ake da shi.

Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel zai tarar da irin wannan saɓani a bakin aiki. Idan damina ta faɗi, aji yakan rage, domin yara sun tafi noma. Malami yana auna yaro da makin jarrabawa, uba kuma yana auna shi da kuyyan da ya nome kafin azahar. Malamin da ya fara da zargin uban, da wuya ya sake ganin yaron kafin kaka.