Katanga Ba Ta Tare Wi-Fi

Magidanci zai gina doguwar katanga, ya rubuta "ba shiga" a ƙofar zaure, sannan ya sayo kyamarar tsaro mai aiki da Wi-Fi ya kafa ta a tsakar gida, inda iyalinsa ke sakewa ba mayafi. Siginar rediyon da ke ɗauke da hoton kuwa katanga ba ta tare ta gaba ɗaya, tana iya kaiwa har bakin titi.

Babbar ɓarakar tana wajen kalmar sirri. Kyamarori da na'urorin rarraba intanet masu araha da yawa suna zuwa ne da wadda kamfani ya sa musu, irin su "admin" ko 12345, masu saye kuma ba kasafai suke canzawa ba. Ta wannan kafar ce manhajar kutse ta Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a 2016, aka yi amfani da su wajen durƙusar da shafuka irin su Twitter da Netflix a Amurka. Wanda ya iya kutsawa cikin kyamara, leƙen gidan mutane ba zai gagare shi ba.

Tun Afrilun 2024 Birtaniya ta haramta sayar da na'urori masu irin wannan kalmar sirri ta gama-gari. Muna kira ga Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, wadda ke tantance kayan sadarwa kafin su shiga kasuwa, da ta gindaya wannan sharaɗi. Kafin nan, maigida ya canza kalmar da hannunsa da zarar mai haɗa kyamarar ya tafi, kuma kada a saka kyamara a ɗakin kwana.